KWANA BAKWAI KAFIN SUNA: TARIHIN SHAWARAR JARIRAI

A littattafanmu na Hausa haihuwa ba ta cin shafi da yawa. Jaruma za ta fara naƙuda a ƙarshen babi, a kwashe ta sai asibiti, miji yana ta safa da marwa a baranda, can sai nas ta fito da murmushi ta yi masa albishir. Marubuci zai tsaya ya siffanta jaririyar, fara tas, jajir da ita kamar 'yar Larabawa, gashi kwance luf. Daga nan sai ranar suna, a shiga lissafin raguna da akwatuna da irin leshin da mai jego ta ɗaura. Kwana bakwai ɗin da ke tsakanin haihuwa da suna, a layi ɗaya ake tsallake su.

To ni yau a kan waɗannan kwana bakwai nake so mu tsaya, domin a cikinsu ne wani ciwo yake shigowa, ya yi ɓarnarsa ya gama, kafin ma yaro ya san sunansa. Ina nufin shawarar jarirai. Kuma sau da yawa wancan hasken fatar da ake yabo, har 'yan barka suna cewa yaro ya ɗauko farin kakarsa, shi ne sallamar ciwon.

Bahaushe ya daɗe da sanin shawara. Tun zamanin da Dambo ɗan Ɗantunku ya zauna a Kazaure, da ma kafin nan, duk wanda idonsa ya koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja, jikinsa ya mutu, an san sunan abin da ke damunsa. Malamanmu masu karanta littattafan ɗibbu na Larabci sun san shi da sunan yaraƙan, suna danganta shi da hanta da matsarmama. Masu maganin gargajiya kuma suna da saiwar rawaya, tsiron nan da ake rini da shi, wanda har launin ya ci sunansa. Wani likitan Turawan mulki mai suna Dalziel ya sa rawaya cikin littafinsa na sunayen tsirran ƙasar Hausa da ya fito a 1916, kuma har gobe in ka je kasuwar Kazaure ko ta Babura ka ce kana neman maganin shawara, da wuya mai magani bai miƙo maka ita ba. Sunan ciwon ma ya dace da shi, don ban san wani ciwo da kowa ke da shawarar bayarwa a kansa kamar shawara ba.

Babbar shawarar da aka gada kuwa ita ce mai shawara ba a yi masa allura, in an yi to sai dai gawarsa. Ni ban ɗauki wannan magana ta jahilci zalla ba. Shawarar manya yawanci daga hanta take, kuma wanda hantarsa ta riga ta lalace, in an kai shi asibiti a ƙurarren lokaci ya cika, abin da dangi za su tuna shi ne allurar da suka ga an yi masa. Sannan a zamanin da ake yi wa mutum goma allura da sirinji ɗaya, allurar da kanta tana yaɗa ciwon hanta. Ko a Amurka, a 1942, sojoji kusan dubu 50 suka kamu da shawara saboda wata allurar rigakafi da aka haɗa da gurɓataccen ruwan jini. Saboda haka tsoron yana da tushe. Inda gizo ke saƙar shi ne, duk wannan ilimi na shawarar manya ne, sai aka ɗauke shi ɗungurungum aka ɗora wa jariri ɗan kwana uku, alhali suna kawai suka haɗa.

Shawarar jariri daga jininsa take tasowa. Yaro yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, waɗanda ba sa daɗewa kamar na babba. Na babba suna kai kwana 120, nasa kuwa tsakanin 70 da 90 ne. Idan suka mutu suka farfashe sai su bar wani abu rawaya da likitoci ke kira bilirubin. Aikin hanta ne ta sarrafa shi ya fita ta kashi, to hantar jariri sabuwar ma'aikaciya ce, ba ta gama koyon aikin ba, sai abin ya taru ya rina fata da farin ido. Wannan ya sa kusan jarirai 6 cikin 10 da suka cika wata tara, da 8 cikin 10 na bakwaini, suna yin shawara a makon farko. Yawanci takan bayyana a kwana na biyu ko na uku, ta kai ƙarshen ƙarfinta wajen kwana na uku zuwa na biyar, ta washe da kanta kafin mako biyu. Wannan washewa da kanta ita ce ta ɗaure wa jiƙo da ruwan gulukos gindi: an ba yara goma, tara sun warke, sai a ce magani ya ci. Na goman ne ba a lissafawa.

Shi na goman, bilirubin ɗin yakan yi yawan da zai tsallaka daga jini ya shiga ƙwaƙwalwa. Wani likita Bajamushe, Johannes Orth, shi ya fara bayyana a 1875 cewa ya buɗe kan jaririn da shawara ta kashe ya tarar da ƙwaƙwalwar ta rine. A 1904 wani ɗan ƙasarsu, Georg Schmorl, ya nuna cewa wasu gurabe na can tsakiyar ƙwaƙwalwa ne suka fi rinewa, waɗanda ke kula da motsin jiki da ji. Yaron da abin ya kai nan sai ya saki nono, ya yi ta barci, daga baya ya kama wani siririn kuka mai tsini, ya sanƙare, wuyansa da bayansa su lanƙwashe ta baya kamar baka. Wasu su rasu a cikin kwanakin. Waɗanda suka rayu su ne za ka gani shekara uku wuya bai tsaya ba, hannu da ƙafa suna murɗewa, ba ji ba magana, ido ba ya iya kallon sama. Mai karatu, ka san sunan da muke ba irin waɗannan yara a garuruwanmu. Mukan ce ɗan ruwa ne, ko an yi musanyarsa, ko uwar ta fita da almuru da ciki. Da yawansu hankalinsu garau yake a cikin jikin da ya ƙi yi musu biyayya, suna jin zafin abin da ake yi musu ko da kunnen bai ji abin da ake faɗa ba.

Yanzu a dubi yadda muka tsara jego, sai a ga kamar da gangan aka shirya shi don shawara ta ɓuya. Baba ta Karo, tsohuwar nan da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta ba da labarin wankan jego da sauran hidimar haihuwa, kuma wanda ya karanta zai ga kaɗan ne ya canza a ƙauyukan Roni da Gwiwa. Mai jego tana ɗaki, ɗakin kuma na ƙasa ne mai 'yar taga ɗaya da aka toshe da tsumma don kada iska ta shiga. Jariri yana naɗe cikin zani, da hula da safa, fuska kawai ake gani, ita ma a hasken aci-balbal ko tocila. Hankalin manyan mata duk yana kan uwa: itacen wanka, ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama da yaji. Ko likitocin asibitin koyarwa na Zariya da suka yi bincike a kan jego a shekarun 1970, kan uwar suka tsaya, suka nuna yadda kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta ke kumbura zuciyar mai jego. Idan kuma haihuwar fari ce, yarinya ta zo goyon ciki gidan iyayenta, kunya ba za ta bar ta ta ƙura wa ɗanta ido a gaban mutane ba, balle ta ce ta ga wani abu. Uban yaro yana can garinsu yana neman rago, in ya zo ma iyakarsa zaure. Ga kuma tsohuwar al'adar hana jariri dakashi, wato nonon farko, a ce sai an wanke nono, a yi ta ɗura masa ruwa kwana biyu ko uku. Alhali nonon nan shi ke tura baƙin kashin farko ya fita, kuma ta kashin ne rawayar ke barin jiki.

Amma kada a yi saurin ɗora wa al'ada laifin duka, don abin da ya fi yi wa jariranmu illa ba daga kakanni muka gaje shi ba, daga kanti muka sayo shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan kamfanonin Turawa suka biyo shi, 'yan koli suka ɗauka suka shiga da su kasuwannin ƙauye. Cikin kayan har da wasu fararen ƙwallaye masu ƙamshi da ake sa wa a adudu don korar asu da kyankyaso. Muka ba su sunan kafur, sunan da asalinsa na wani ƙaron itace ne mai daraja da Larabawa suka sani tun da can. Su waɗannan ƙwallayen ba itace ba ne, daga kwaltar gawayin ƙasa aka fara fitar da sinadarinsu a Ingila wajen 1820. Haka mantaleta da sauran man zafi da hoda mai sanyi suka shigo. A hankali suka zama kayan jego. Mai ciki za ta tara kayan jariri tun cikin yana wata shida, ta jera a akwati, ta watsa kafur, ta rufe. Ranar haihuwa a ciro rigar da ta sha kafur wata uku a sa wa yaro. Cibiya kuma a gasa ta a shafe da man zafi. Tsafta ce da ƙauna suka sa ake yi, ba sakaci ba.

Sai a 1956 aka gano dalilin da ya sa wannan ƙauna take zama guba ga wasu yaran. Likitocin sojan Amurka sun lura cewa wani maganin zazzaɓin cizon sauro da suke ba sojojinsu a lokacin yaƙin Koriya yana farfasa jinin wasu daga cikin baƙaƙen fata. Masu bincike a birnin Shikago suka bi diddigi, suka gano cewa waɗannan mutane an haife su da ƙarancin wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, wanda ake taƙaita sunansa da G6PD. Gado ne, ta wajen uwa ɗa namiji yake ɗaukarsa, shi ya sa ya fi bayyana a maza. Mutane kusan miliyan 400 ke ɗauke da shi a duniya, kuma ya fi yawa a ƙasashen sauro, domin yana ba da wata 'yar kariya daga zazzaɓi, kamar dai yadda gadon sikila yake. A Nijeriya wajen ɗa namiji ɗaya cikin biyar yana da shi. Mai shi lafiyarsa ƙalau, ba zai taɓa sani ba, sai ranar da jininsa ya gamu da abin da ba ya so. Kafur yana sahun gaba, ko shaƙarsa aka yi ko ya ratsa ta fata. Lalle ma an tabbatar yana yi wa irin waɗannan jarirai haka a ƙasashen Larabawa, inda ake shafa wa sabon haihuwa. Likitocin asibitin koyarwa na Ibadan sun fara bin alaƙar wannan gado da shawarar jariranmu tun 1963, sannan a 1980 Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya yi ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi da abokin aikinsa Olowe suka wallafa binciken da ya nuna haɗarin man zafi da hoda mai sanyi ga irin waɗannan yara a Legas. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma har yau kafur yana nan a faifan mai koli, kusa da kwalli da allurar ɗinki.

A Turai babbar matsalarsu daban ce, ta rashin jituwar jinin uwa da na ɗa ce. An gano rukunin jinin da ake kira Rh a 1940, kuma Bature 15 cikin 100 ba shi da shi, mu kuwa wajen 5 ne cikin 100. Macen da ba ta da shi in ta haifi mai shi, jikinta yakan ɗauki jinin ɗan a matsayin abokin gaba, sai cikin da ya biyo baya ya sha wahala. Irin matan nan ne a wurinmu ake ce wa masu wabi. Maganin farko da aka samu shi ne canjin jini: a riƙa zuƙe jinin jariri kaɗan-kaɗan ana mayar masa da wani. Wani likita a Toronto ta Kanada, Alfred Hart, ya ba da rahoton yin haka a 1925, sannan a shekarun 1940 Louis Diamond na Boston ya sauƙaƙa aikin ta hanyar bi ta jijiyar cibiya. A 1968 aka fito da allurar da ake yi wa uwa bayan haihuwa don kare cikin gaba. Canjin jini ya ceci dubban yara, sai dai aiki ne mai haɗari, mai neman gwani da jinin da ya dace a cikin dare.

Abin da ya juya tarihin ciwon nan kuwa ba farfesa ba ne ya gano shi, wata nas ce. A wannan shekara dai ta 1956, a asibitin wani ƙaramin gari mai suna Rochford a Ingila, akwai Sista Jean Ward mai kula da ɗakin bakwaini. Ita mace ce mai ganin iska da hantsi sun fi ɗaki amfani ga yaro, saboda haka in rana ta fito takan tura jariranta tsakar gidan asibitin su sha hantsi, ta mayar da su kafin likita ya zo zagaye. Wata rana aka tuɓe wani jariri mai shawara a gaban likita, sai aka ga jikinsa duk ya washe, in ban da wani ɗan gurbi mai kusurwa uku da ya rage rawaya shar. Sista ta ce nan ne gefen zanin gado ya rufe, rana ba ta taɓa ba. Ba a jima ba kuma aka manta da wata kwalbar jinin gwaji a bakin taga, da aka auna sai aka tarar bilirubin ɗin ciki ya ragu. Wani matashin likita, Richard Cremer, da abokan aikinsa suka haɗa biyu da biyu, suka ƙera fitila mai shuɗin haske suka ɗora a kan gadon jarirai, suka buga sakamakon a 1958. Shuɗin hasken yana sauya wa rawayar siffa tun tana cikin fata, ta koma abin da jiki zai iya fitarwa ba sai ya jira hanta ba. Likitocin Amurka suka yi biris da maganar shekara goma, har sai da Jerold Lucey ya sake gwadawa a 1968 ya tabbatar. Duk lokacin da na tuna labarin nan sai in ce, Allah Sarki, macen da ta fitar da jariri daga ɗaki ta tuɓe shi a haske ita ta ga abin da masu manyan takardu ba su gani ba.

Na ga fitilar nan da idona shekarun baya, lokacin da ƙanwata ta zo goyon ciki gidanmu a ƙasar Roni. Da hunturu ta haihu, namiji, a ɗakin Inna. Kwana uku 'yan barka suna yaba haskensa. A rana ta huɗu da hantsi tsohuwar ungozomar da ta yanke masa cibi ta ɗauko shi bakin ƙofa za ta sa masa kwalli, tana buɗe idon sai ta yi shiru, ta danna goshinsa da yatsa ta saki, ta kwance zanin ta duba ciki da cinya, sannan ta ce wa Inna, “Uwar gida, yaron nan shawara gare shi, kuma ta sauko ƙasa.” Nan fa gida ya rabu biyu. Gwaggo ta ce a jiƙa rawaya a ɗiga masa, a bari a yi suna tukuna, wa ya taɓa fita da ɗanyen jego kan hanya cikin wannan sanyi, kuma kowa ya san abin da allura ke yi wa mai shawara. Mai jego tana gefen gado ta juya fuska bango, hawaye na zuba, kunya ta hana ta cewa uffan. Ni na fita zaure na sami Baba, na durƙusa na gaya masa yaron tun asuba bai kama nono da ƙarfi ba. Ya yi jim, ya ce, “Uwata, je ki ce su shirya, in an yi suna da wa za a yi in babu yaron?” Ya aika aka nemo mota.

A asibitin aka ɗebi jini a diddigensa, aka tuɓe shi daga shi sai ɗan kamfai, aka rufe masa ido da ƙyalle, aka kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Gwaggo da ta biyo mu tana ganin haka ta kama salati, wai za a gasa mata jika tsirara da hunturu. Kwana uku muka yi, uwar tana tashi duk bayan awa biyu ta ba shi nono ta mayar. Wuta takan ɗauke, a jira janareta, mu kuma muna zaune muna ƙirga mintoci. A dare na biyu aka kawo wani yaro daga wani ƙauye ta wajen iyakar Nijar, kwanansa tara, an yi suna an yi aski, har da 'yar layarsa a wuya. Kukansa ban taɓa jin irinsa ba, kuma in an kwantar da shi ƙeyarsa da diddigensa ne kawai ke taɓa katifa. Aka ce sai Kano, a yi masa canjin jini. Uban ya fita neman kuɗin mota. Namu yaron yanzu yana makarantar sakandare.

Tsakanin yaran nan biyu babu bambancin arziki ko na asibiti, bambancin kwana huɗu ne ko biyar. Kuma abin da binciken likitocinmu na baya-bayan nan ya nuna ke nan. An ƙirƙiro Jihar Jigawa a 27 ga Agusta 1991, aka yi ta gina asibitoci, aka yi shirin Haihuwa Lafiya don kai mata masu naƙuda asibiti, Babura ta samu makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, Kano kuma tana da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano tun 1988. Duk da haka ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna cewa a Arewa maso Yamma ko mace ɗaya cikin biyar ba ta haihuwa a asibiti. Wadda ta haihu a can ɗin ma, in lafiya lau ne, cikin 'yan awoyi ake sallamarta, tun shawara ba ta fito ba. Wato ko ta ina aka bi, a ɗakin jego ciwon zai bayyana, kuma idon da zai fara ganinsa na uwa ne ko kaka ko ungozoma.

Wasu likitoci daga Kano da Zariya da Jos da Legas da Asaba, cikinsu har da Farfesa Zubaida Ladan Farouk ta asibitin Malam Aminu Kano, sun haɗu sun ƙirga. A rahotonsu na 2018, cikin jarirai 1040 da aka kwantar saboda shawara, 159 sun iso ne ciwon ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Sai suka gwada abu mafi araha, wato koya wa mata tun a wajen awo da bayan haihuwa yadda ake gane shawara da abin da za a guje wa, har da sanarwa a rediyo. Sakamakon da suka fitar a 2020 ya nuna cewa cikin matan da ba a koya wa komai ba, kusan jariri 3 cikin 10 ya iso da taɓuwar ƙwaƙwalwa, cikin waɗanda aka koya wa kafin haihuwa da bayanta kuwa bai kai 2 cikin 100 ba. Ba sabuwar na'ura aka kawo ba, magana aka yi da mata.

Abin da ake koya musun bai fi a faɗa a zama ɗaya ba. Kullum da safe a makon farko a fito da yaro inda hasken rana yake, a kwance shi, a danna goshi ko karan hanci da yatsa a saki a ga launin da zai bayyana, a duba farin ido da dasashi. Shawara daga kai take farawa ta gangara ƙasa, in ta kai cinya, balle tafin hannu da tafin ƙafa, ta yi nisa. Wadda ta fito a ranar farko ta haihuwa ba a kwana da ita a gida ko yaya ƙanƙantarta. Haka in yaro ya saki nono, ko barci ya yi masa yawa har ba ya tasuwa, ko jiki ya yi zafi. An ce ido ba mudu ba ya san kima, to a nan kam bai sani ba, musamman a baƙar fata. Aikinsa ya gano akwai, gwajin jini ne ke faɗin nawa ne. A ba da nono tun sa'ar farko, dare da rana, sau takwas zuwa goma sha biyu. A raba kayan jariri da kafur, wanda ya riga ya sha a wanke a shanya. Idan kuma shawara ta wuce mako biyu, kashin yaro ya yi fari kamar alli, fitsari ya yi duhu, wannan wata matsala ce daban ta toshewar hanyar matsarmama, aikin tiyata take so, kuma an fi samun nasara in an yi kafin yaro ya cika wata biyu.

Na san wani zai ce, tunda hantsi ne ya warkar da jariran Sista Ward, mu da Allah ya hore wa rana me zai kai mu asibiti? Ranar Ingila daban, ranar Babura a watan Afrilu daban. Jariri tsirara a irin ranarmu fatarsa za ta ƙone, jikinsa ya yi zafi, ruwan jikinsa ya ƙafe, a inuwa ko da sanyin safiya kuma hasken ba zai isa ya sauke shawara mai ƙarfi ba, sai dai ya cinye kwanakin da ya kamata a ce ana hanya. Abin da likitoci suka yi shi ne tace ranar. A wani asibitin haihuwa da ke tsibirin Legas, Dakta Tina Slusher da Dakta Bolajoko Olusanya da abokan aikinsu suka kafa rumfuna da wata leda ta musamman mai tare hasken da ke ƙona fata da wani kaso na zafin, ta bar shuɗin ya wuce. Suka gwada a kan jarirai 447, ana auna zafin jikinsu kowace awa, suka buga sakamakon a 2015: rumfar ta yi aiki a kashi 93 cikin 100 na kwanakin jinya, fitilar lantarki kashi 90. Amma masu matsakaiciyar shawara aka gwada wa, kuma a hannun ma'aikata. A Bayelsa kuma wata uwa, Virtue Oboro, wadda ɗanta ya sha da ƙyar daga shawara a 2015 saboda ƙarancin fitila da ɗaukewar wuta, ta koma ta ƙera ɗan gadon jariri mai shuɗiyar fitila da ke aiki da hasken rana, ana naɗe shi a ɗauka kamar jaka. Irin wannan gado, da a ce akwai shi a kowane ƙaramin asibiti daga Gwiwa zuwa Babura tare da na'urar gwajin jini, da yawancin yaran ba sai an bi da su titin Ɗambatta zuwa Kano ba.

Saura maganar suna, wadda ita ce ke riƙe mutane a gida fiye da tsoron allura. An gayyaci dangi, an sayi rago da goro, an ɗinka anko, sai a ce a daure a kai rana ta bakwai, alhali ranakun da shawara ke hawa ƙwaƙwalwa su ne na huɗu da na biyar da na shida. Raɗin suna kuwa maza ne ke yinsa da sassafe a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, a raɗa, maroƙi ya sanar, a yanka rago a raba goro, kuma a duk wannan babu inda ake fito da jariri. Abin da ke bukatar yaro a gida askin wanzami ne da taron mata na yamma, su kuwa ana ɗaga su zuwa ranar da aka sallamo mai jego.